Akwatin Inna da Dodon Koɗin Teku

A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, namiji ne ke tafiya karatu Turai, mace ta zauna tana jira. Ni nawa mijin shagonsa ya rufe a Kano ya biyo ni Manchester. Yana aiki a sito, yana kula da yaranmu duk lokacin da na tafi bakin teku tsintar dodon koɗi don bincikena na jami'a.

Ƙanana ne, ba su fi gurjiya ba, manne a jikin duwatsu. Irin da nake bi ba sa zuba ƙwai a ruwa. Haihuwa uwar take yi, 'ya'yan su rarrafa su zauna kusa da ita. Abin da nake nema shi ne ko ƙwayoyin gadon na wannan gaɓa sun bambanta da na waccan.

Sun bambanta, fiye da zatonmu. Malamata ta ce dole a ƙara gaɓoɓi, an kuma amince mini da ƙarin shekara. Na fito daga jami'a zuwa titin Oxford Road ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka kawo wa lefe. Sai a bas na tuna akwatin.

Mijina ya daɗe yana cika shi da tsarabar komawa gida. Inna, mahaifiyarsa, idonta ya fara dushewa, kullum a waya sai ta ce, "Ka dawo in gan ka tun ina gani." Duk zuwanmu Birmingham wurin ƙaninsa sai ya sayo mata wani abu, yau safa, gobe man zafi.

Na same shi a ɗakinmu na unguwar Gorton yana ninke mata rigar sanyi.

"Dakta, wannan fara'a fa? Dodannin naki sun yi magana?"

"Sun yi, Yallaɓai."

Na faɗa masa. Na so ya yi faɗa, ko ya ce bai yarda ba, in samu abin yi wa kuka. Shi kuwa tambayata kawai ya yi.

"Kina so?"

"Ina so."

Ya kira ƙaninsa ya tambaya ko akwai mai zuwa gida, yana da saƙo. Daga nan ya kira Inna. Na shige kicin na kunna famfo, amma duk da haka na ji shi.

"Ba bana ba, Inna. In Allah ya yarda baɗi."

Na tsaya riƙe da soso, idona cike da hawaye. Ko a lokacin, wani ɓangare na zuciyata yana can yana zaɓar gaɓar da zan fara zuwa.