Ƙafar Hagu ta Sidi

Wata Alhamis ce bayan la'asar, cikin watan Zulƙida na shekarar da na shiga aji huɗu. Ina zaune a ƙofar gidanmu da ke unguwar Utaibiyya a Makka ina soka nama a tsinke, kakana kuma, wanda muke kira Sidi kamar yadda 'yan Makka ke kiran kakanninsu, yana fifita garwashi. Yaran unguwa na buga ƙwallo a lungu, sai ta kuɓuce musu ta gangaro wajenmu. Sidi bai ajiye mafici ba. Ƙafarsa ta hagu ce kawai ta zame daga takalmi, ta tare ƙwallon, ta ɗaga ta, ta aika da ita can tsakiyar yaran kamar an aje da hannu. Yara suka yi cirko-cirko suna kallon tsoho mai tsire. Shi kuwa ya mayar da takalminsa ya ce in ƙaro yaji.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Inna, kuma ni yake ba labarin ƙuruciyarsa. Aikina ne in daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta, in wanke tsinkaye, in yanka albasa har idanuna su yi ja. Ina daka yana magana. Yana yaro iyayensa suka bar wani ƙauye a ƙasar Kano da niyyar hajji, a ƙafa, suna tafe suna yada zango suna noma. Mahaifinsa ya rasu a hanya. Shi da uwarsa suka isa Bur Sudan a bakin teku, a shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. 'Yan dako suna da 'yar ƙungiyarsu, suna karawa da ta masunta, da ta masu dafa gishiri, da ta leburorin jirgin ƙasa. Babu takalmi, fili kuma fari fat da gishiri, in ka faɗi raɗaɗi ya kwana da kai. A nan Sidi ya yi suna wajen zura ƙwallo. "Inna, ni ban iya gudu ba," yakan ce, "na dai san inda ƙwallo za ta sauka, sai in je in jira ta." In yana faɗa, sai in riƙa ganin teku a cikin hayaƙin tsire, da raƙuma a bayan raga, da wani siririn saurayi tsaye shi kaɗai yana kallon sama.

A gida ba wanda ya ɗauki zancen da nauyi. Babana, direban bas, murmushi kawai yake yi. Yayyena kuwa sukan ce da Larabci wai ƙwallayen Sidi kullum ƙaruwa suke yi kamar 'ya'yan kyanwa. Abin yana yi mini ciwo, don na lura in sun faɗi haka sai ya daina ba ni labari kwana da kwanaki.

A hajjin wannan shekarar ne wani dogon tsoho Basudane mai babban rawani ya shigo lungunmu yana tambayar ina Ashwal, wato bahago. Sidi na jin muryar ya miƙe, garwashi na ci, nama na ƙonewa, suka rungume juna suna kuka. Sunansa Taha, shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar masunta. Aka shimfiɗa tabarma, na kawo shayi, babana da yayyena suka zauna. Taha ya nuna Sidi ya ce wa babana: "Mahaifinka ya hana ni barci shekaru. Ban taɓa kama ƙwallonsa ba." Daga nan ya faɗi abin da ko ni ban taɓa ji ba. Wata babbar ƙungiya daga Khartum ta aiko a ɗauki Sidi, da alkawarin gida da aiki. A makon ne kuma aka samu gurbi a kwalekwalen da zai tsallaka zuwa Jidda. Uwarsa ta ce masa ba don ƙwallo mahaifinsa ya kwanta a hanya ba. Sai ya cire rigarsa ta ƙwallo ya ba wani yaro, ya goya uwarsa ya shiga jirgi. Tun daga ranar bai sake shiga fili ba.

Babana ya sunkuyar da kai. Taha ya tambayi Sidi a hankali ko ya yi nadama.

"Na goya ta na yi ɗawafi da ita," in ji Sidi. "Sai dai har yau ina mafarkin filin nan. Ƙwallo tana sama, tana saukowa, ni ina jira, sai in farka."

Gab da magariba Taha ya tuɓe rawani ya miƙa mini, ya tsaya a bakin ƙofar wani gareji ya ware hannuwa. Yayana ya kawo ƙwallo ya aje. Sidi ya ja da baya kaɗan, ya buga. Ta tafi a hankali, a ƙasa, Taha ya durƙusa ya rungume ta a ƙirji. Ya daɗe bai tashi ba, yana dariya hawaye na zuba. Sidi ya ce, "To, yau sai ka yi barci."

Sidi bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Yanzu a unguwar Ka'akiyya nake, a hawa na uku, ba ƙofar gida ba garwashi. Jikokina suna buga ƙwallo a filin haya mai koriyar shimfiɗa, kowa da takalminsa, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. In na ba su labarin kakan kakarsu, sai su miƙo waya su ce in nuna musu. Ba hoto, ba suna a rubuce, waɗanda suka gani duk sun tafi. Duk ƙwallayen da ya ci, a zuciyata kaɗai suke shiga raga yanzu.