Harsashin Da Yayana Kaɗai Ke Da Shi

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan manta shekarar da yayana ya jawo mana asarar doya a Godogodo ba.

Babanmu ya rasu ya bar mana gona a bakin kurmi, da tsohuwar bindiga ta korar aladen daji. Ba ta da kyan gani, amma harsashinta irin na kowa ne. A wurinmu, in naka ya ƙare maƙwabci zai ba ka, gobe kai ma ka ba shi. Haka muke tsaron gonaki.

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, Yaya ya je Kafanchan ya dawo da sabuwar bindiga tana ƙyalli. Wani mai shago ne ya karɓe ta Baba ya ba shi wannan, Yaya ko shawara bai yi da ni ba. Harsashinta ne ya ruɗe shi, dogo siriri, wai sunansa Sarkin Dawa. Mai shagon ya rantse masa cewa kafin baɗi kowa shi zai koma saya.

Na ce, "Yaya, wa kuma ke da irinsa a garin nan?"

Ya ce, "Ai shi ne daɗin. Ni kaɗai."

Kwalin harsashin da Yaya ya zo da shi ya ƙare daidai lokacin da doya ta fara ƙosawa. Ni aka tura Kafanchan. Da na faɗa wa mai shagon sunan harsashin, sai ya ce, "Sarkin me?" Mutumin da ya raɗa sunan da bakinsa! Da ya tuna, ya ce an daina kawowa, bai karɓu ba, amma akwai wani sabo da ya fi shi, sai dai da tasa bindigar. Har yau in na tuna wannan fuska raina ɓaci yake yi.

Aladu suka gane gonarmu babu mai harbi. Maƙwabta suka zo da harsashi a aljihu kamar yadda aka saba, aka gwada ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya shiga. Kowa kuma yana da tasa gonar da zai tsare. Yaya ya koma dukan gwangwani yana ihu, bindiga rataye a kafaɗa. Aladun suka tone kunya bayan kunya, har irin shuka sai da muka roƙa a gidan surukai.

Tun daga nan, in aka yi mini tallar sabon abu mai babban suna, ba na tambayar ƙarfinsa. Tambayata ita ce, ranar da nawa ya ƙare, wane maƙwabci ne zai iya ba ni.