Yadda Na Baro Malam a Ƙauyen Turawa

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili da duk masu karatu. Ni ban yi boko ba, matar ƙanena ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana. In kun ga zancen ya tsinke a wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina.

Lokacin da abin nan ya faru ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Gafasa. A Gaya aka haife ni, aka kawo ni gidan Malam, a ɗakinsa na yi furfura. Shi yana noman gero da gyaɗa, ni ina matse mai ina suyar ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Ajingi a kai mini. Iyakar tafiyata Kano. Ɗanmu na fari tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, yadda ake yi a gidanmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ido da ido ba, in ya gaishe ni sai in amsa ina kallon wani wajen. Allah ya sani ba ƙi ba ne, kunya ce da aka raine mu a kanta. Wannan yaron ne karatu ya ɗauka har Ingila, wani gari da suke kira Okisfod. Da ya gama suka riƙe shi aiki, ya aiko mu zo mu ga ranar da za a ba shi shaidar karatunsa.

Tun kakar da ta wuce Malam yake fama da ƙirji. Yana cikin cirar gyaɗa sai in ga ya dafe ƙirjinsa ya zauna a gindin gawo, gumi na karyo masa. Asibiti bai je ba. Ya sayi ƙwaya a kemis a Gaya, wani abokinsa kuma ya haɗa masa sassaƙe yana jiƙawa. Da maganar tafiya ta taso ya ja mini kunne, wai kada in kuskura yaron ya ji, don ya san halinsa, cewa zai yi a fasa, a tsaya a Kano ana ta awo, shi kuwa ko da rarrafe sai ya je ya ga ɗansa. Na ce masa, to Malam ni da wane bakin ma zan gaya masa? Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa sirrinsa ya fi zama lafiya a wajena.

Gidan yaron ba a cikin garin yake ba, wani ƙauye ne a bayansa, gidaje na dutse jere a bakin hanya, gonaki sun kewaye su. Komai kore shar kamar tsakiyar damina. Malam ya kan tsaya a taga yana jinjina kai, wai dubi ciyawa har gwiwa babu mai yanka, dubi tumaki garke guda babu makiyayi, in da a Ajingi ne da yamma ba ta yi ba an gama raba su. Rana kuwa ba ta son faɗuwa, sai mu yi ta jiran magariba har barci ya fara ɗibarmu. Ranar biki aka kai mu cikin garin. Na ga gine-gine tsofaffi masu tsini, kekuna kamar fari, da samari suna tura jirgin ruwa da gora a wani siririn kogi, Malam ya ce ashe 'yan fito ma har digiri suke yi a nan. Amma da muka zo hawa wani bene sai numfashinsa ya sarƙe, ya jingina da bango. Yaron ya tambaye shi lafiya, ya ce sanyin ƙasar ne kawai. Yaron ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

Bayan 'yan kwanaki yaron da matarsa suka koma aiki, suka bar mu mu biyu a gida da waya guda. Ranar da yake koya wa Malam yadda ake danna ta, ni tashi na yi na ba su wuri. Wata rana da hantsi Malam ya fita bayan gida ya leƙa lambun wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu, wadda suke gaisawa da hannu ta saman shinge. Ya dawo ya zauna a ƙasa, ya ce tsohuwa, miƙo mini jiƙon nan, yau abin da nauyi. Na ba shi ya kurɓa, sai amai. Na tallafo kansa a cinyata, ya yi kalmar shahada, ya sake yi a hankali, daga nan sai na ji jikinsa ya saki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A garinmu in haka ta faru salati ɗaya mace za ta rafka, kafin ta rufe baki tsakar gida ta cika. Na fita bakin ƙofa na rafka salati iya ƙarfina. Babu ƙofar da ta buɗe. Wata mota ta wuce ba ta ko rage gudu ba. Na koma na ɗauki wayar ina shafa ta, ta kawo haske ta ɗauke, ban san inda ake taɓawa ba. Shiga gidan Bature kuwa, ba sallamar da zai gane, ba harshen da zan yi masa bayani, tsoro ya hana ni. Sai na yi abin da na ga iyayena suna yi. Na shafe masa idanu, na yagi gefen ɗankwalina na ɗaure masa haɓa, na miƙe masa hannuwa da ƙafafu, na ja shi da ƙyar na fuskantar da shi alƙibla. Na cire masa rigar da ta ɓaci na sa masa wata, na goge wurin tas, na wanke kofin, don kada maza su zo su same shi a wulaƙance. Na lulluɓe shi da zane na zauna a gefensa ina ja masa carbi.

Azahar ta gota sannan tsohuwar nan ta zo da ƙwai a kwano za ta ba Malam. Ta leƙo, ta ga zanen, ta ga fuskata, ta dafe baki. Ita ta kira mutane. Motar asibiti ta zo da jiniya, bayanta 'yan sanda biyu, mace da namiji. Suka yaye zanen, suka ga ɗaurin haɓa, suka dubi juna. Suka ga rigar da na jiƙa a bokiti. Namijin ya sa safar hannu ya ɗauki gorar jiƙon, ya shinshina, ya sa ta a leda ya liƙe. Macen ta kama hannuna, ba da ƙarfi ba, ta kai ni kicin ta zaunar, ta tsaya a bakin ƙofa. A nan na tabbata tawa ta ƙare, kurkukun Turawa zan mutu, 'yan garinmu su ji labarin na kashe mijina a ƙasar mutane.

An nemi yaron a waya ba a same shi nan da nan ba, sai 'yar sandan ta kira wata mai fassara ta ajiye wayar a kan tebur. Muryar mace ce, Hausarta irin ta mutanen Damagaram. Ta yi mini gaisuwa, ta ce Inna ki yi haƙuri, tambayoyi ne sai kin amsa. Ta farko, mene ne sunan mijina. Na ce Malam. Ta ce a'a, sunansa na yanka. Na yi shiru. Tun da aka ɗaura mana aure wannan suna bai taɓa fita daga bakina ba, ko yaro mai irin sunan sakaya shi nake yi. 'Yar sandan tana kallona tana jira, na ga ta rubuta wani abu. Mai fassarar ta rage murya ta ce, Inna don Allah ki faɗa, ni na san dalilinki amma su ba su sani ba, shirun nan ba zai yi miki kyau ba. Na faɗa. Malam yana kwance a ɗakin da ke kusa, na kira sunansa cikin waya ga mutanen da ban sani ba. Sai sauran tambayoyin suka biyo baya: me ya sa na ɗaure shi, me ya sa na wanke wurin, me na ba shi ya sha, me ya sa tun hantsi ban kira kowa ba. Kowace amsa na bayar sai in ji ta a kunnena kamar ta mai laifi.

Yaron ya iso ana fitowa da mahaifinsa cikin wata jaka mai zif. Na riƙe ƙarfen gadon ina roƙonsu da Hausa su bar mana shi mu yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Matar yaron ce ta ɓamɓare yatsuna.

'Yan sandan ba su tafi da ni ba, sun ce ba a tuhumata da komai tukuna. Wannan tukunan ta hana ni cin abinci. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ce ni aka zo ɗauka. Surukata ta yi mini bayani cewa a dokarsu in mutum ya mutu farat ɗaya, kuma babu likitan da ya san ciwonsa, akwai wani jami'i da sai ya gano abin da ya kashe shi kafin a ba da gawa, in ta kama ma a buɗe jikin a duba. Da na ji haka sai tsoron kurkukun ya zama ƙarami. Mutumin da ko allura ba ya so, a sa shi cikin ƙanƙara kamar kifi, sannan a sa masa wuƙa. Daga gida kuwa waya ba ta huta ba. Ƙannen Malam suna zaman makoki a ƙofar gida, kullum tambayar ɗaya ce, an kai shi? A ce ba a kai ba. Babban cikinsu ya ce shi tun da yake bai taɓa jin Musulmi ya kwana ya wuni ya sake kwana ba a binne shi ba, a gaya musu gaskiya, me ake ɓoye musu.

Wata safiya yaron ya shigo ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a ƙasa daf da ƙafafuna. Na yunƙura zan tashi ya ce Inna, yau kam ki zauna. Ya ce limamin masallacin garin ya gaya masa akwai na'ura da ke ganin cikin mutum ba tare da wuƙa ba, kuma jami'in yana iya yarda a fara da ita, amma suna son sanin ko Baba yana da wani ciwo a baya, shi kuwa ya riga ya ce musu lafiyarsa ƙalau. Ya ce Inna, ki dube ni, Baba yana ciwo? Na ɗago na dube shi, na ga idanun Malam ne sak a fuskarsa. Na gaya masa komai, tun daga gindin gawo har benen nan. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya kifa kansa a gwiwa yana kuka, yana cewa asibiti ga shi nan kusa, kullum ta gabansa yake wucewa.

Na maimaita maganar a gaban mai fassara aka rubuta. Muka koma jira, ina sallah ina roƙon Allah abu ɗaya, ya fito mini da shi yadda ya halicce shi. Sama da mako guda sannan aka kira yaron. Na'urar ta nuna hanyoyin jinin zuciyarsa ne suka toshe, jiƙon kuma ba a sami abin kisa a ciki ba. Ba su taɓa shi da wuƙa ba. Na faɗi na yi sujada a tsakar ɗakin.

Kawo shi gida zai ƙara wasu kwanakin, ƙannensa da kansu suka ce a binne shi a can. Mutanen masallacin ne suka yi masa wanka, 'yan Pakistan da Larabawa da wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu, aka kai shi wani gefe na maƙabarta da aka ware wa Musulmi. Tsohuwar Baturiyar nan ta zo ta zauna kusa da ni ranar, ta riƙe hannuna, ba mai jin maganar wani. A can na fara takaba, a ɗakina na ƙauyenmu na ƙarasa ta. Mu biyu muka hau jirgi, ni kaɗai na sauko da jakarsa.

Na san kwana in ya ƙare babu likitan da zai ƙara shi, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma kwanakin da Malam ya yi a cikin ƙanƙarar nan, da tsoron da na sha, da kukan yaron, waɗannan shirunmu ne ya jawo su. Ban ce a zubar da kunya ba, ado ce, amma ban da wajen ciwo. Tsofaffi 'yan'uwana, in 'ya'yanku suka kira ku wata ƙasa, ku je asibiti kafin ku hau jirgi, ku gaya musu inda ke muku zafi ko da ɗan fari ne. Ku kuma 'ya'ya, in uba ya ce lafiya lau, ku zaunar da uwa ku sake tambaya. Kada ku fita ku bar tsohuwa a gidan da ba ta san wa za ta kira ba, ku kama hannunta ku nuna mata wayar, ku nuna mata ƙofar maƙwabci.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam a addu'a. Inda yake kwance wuri ne mai tsabta da ciyawa, yaron yana zuwa duk Juma'a. Amma sauran kwanakin, babu mai wucewa ta kansa ya yi masa sallama da Hausa.