Faifan da ke Cikin Rawanin Gumur

Duk wanda ya yi aiki da Gumur a Arlit ya san ba ya kunna ordinater, wato kwamfuta, sai ya rataya jiƙaƙƙen buhu a tagar da ke bayanta. "Ita ma zafi take ji," in ji shi. Ni da na zo daga Damagaram da diploma na yi ta dariya, har ranar da tawa ta mutu da tsakar rana, tasa kuwa ko gezau. Wallahi na ji haushi!

Aikinmu mu biyu shi ne zuba umarni cikin 'yan allunan lantarki masu kunna famfunan ruwa. Kafin ka zuba, sai ka girka kayan aikin a ordinater, kuma girkin nan jaraba ne. Gumur faifan girki ɗaya gare shi, tsoho, duk karce, cikin rawani yake ɓoye shi.

"Tsoho, an fa yi sabo."

"Wannan ɗin ya zage ka ne?"

"To ara mini."

"Kai mai diploma? Ai ka fi ƙarfinsa."

In ya fara girki, ko tari ba a yi kusa da wayar ordinater ɗin. Har Shef, shugabanmu, Gumur ya taɓa kora: "Fita, ka cika motsi." Shef ya fita yana dariya. Da ni ne, da tuni ina tasha da jakata.

Shekarar da tawaye ya rufe hanyar Agadez aka shiga rage ma'aikata. Shef ya ajiye mana sababbin ordinater biyu, ya ce wanda tasa ta tada famfo ranar Juma'a shi zai zauna. Kwana uku ina jawo sabon kayan aikin daga intanet, in ya kusa sai layi ya katse. 'Ya'yana huɗu a gida. Gumur ya gama tun Talata, yana ta kurɓar shayi. Kai, na tsani tsohon nan!

Ranar Juma'a shef ya fara gwada tawa. Fitila ta yi kore, famfo ya tashi. Ta Gumur shiru, aka sallame shi. Ashe da na fita cin abinci ya musanya su.

Na bi shi waje. "Tsoho, don me ka yi haka?"

"Ni ina da lambu. Kai ko akuya ba ka iya tatsa ba."

Na san lambun nan, rijiyarsa ta ƙafe tun bara.

Ko a kirki sai da ya fi ni, kuma baƙin ciki ya hana ni yi masa godiya har ya rasu. Allah ya jiƙan Gumur, ya kai haske kabarinsa, ni kuma ya yafe mini.