Na Rubuta wa Wasu Jarrabawa, Ban Rubuta Tawa Ba

Ni haifaffen Suleja ne. Mahaifina tela ne, mahaifiyata tana soya awara a ƙofar gida. Da na shiga aji biyu na babbar sakandare, babu wanda ya kamo ƙafata a lissafi da kimiyya. Burina in zama injiniya. Malamanmu suka ce mai son jami'a tun yanzu zai fara shiri, kada ya bari sai shekarar ƙarshe. Sai Baba ya sa ni a wani lesin, wato wurin ƙarin karatu na kuɗi, a Madalla, kullum in an tashi makaranta in hau mota in tafi.

Mai lesin ɗin kowa Oga yake ce masa. Har yau in na tuna murmushinsa raina ɓaci yake. Wata Asabar ya nuna mini tambayoyi a wayarsa, ya ce gwaji ne, in warware masa maza-maza. Na warware, ya saya mini shinkafa da kaza. Daga baya na gane cewa a daidai lokacin wasu na zaune a ɗakin jarrabawa suna jiran amsar. Na gane sarai, amma da ya sake kirana na je. Kaza ce ta fara sayena, in faɗa muku gaskiya.

Bayan ya ba ni waya sabuwa, sai ya kawo maganar sojan gona, wato in shiga in rubuta da sunan wani. Ya ce, "Kai ba sata kake yi ba, taimako ne. Lokacinka na zuwa, da hannuna zan kai ka jami'a."

Na farkon da na rubuta wa ɗan wani babban ma'aikaci ne daga Abuja, yaron da ko raba goma gida biyu sai ya danna waya. Ubansa da kansa ya zo, ya dafa kafaɗata yana sa mini albarka. Dattijo da furfura, yana sayen ƙwaƙwalwar ɗan talaka, bakinsa cike da sunan Allah.

Daga nan na zarce. Na daina shiga aji, ina yi wa Baba ƙaryar karatu ya yi zafi. Shekarar da 'yan ajinmu suka rubuta tasu, ni ina wani gari da sunan wani. Duk sanda na tambayi Oga tawa, sai ya ce baɗi.

Wata mata mai sa ido ce ta kama ni. Ta tsaya a bayana ta kira sunan da ke jikin katin jarrabawar, ban waiga ba, don na manta ni ne. A wurin 'yan sanda Oga ya rantse bai taɓa ganina ba. Kotu ta tura ni gidan yari, shi kuwa ya canja wa lesin ɗinsa suna.

Sau ɗaya Baba ya zo. Ya daɗe yana kallon kayan da ke jikina, sannan ya ce, "Na makaranta na ɗinka maka, ba waɗannan ba." Ya juya ya tafi.

Yanzu na fito, ina koyon kanikanci a Gauraka. Na nemi gafarar iyayena, na tuba ga Allah. Amma fushin bai tafi ba. Yaron nan na Abuja an ce karatun likita yake. Wata rana zai riƙe allura a kan uwar wani, kuma ni na buɗe masa ƙofa. Wannan ya fi zaman gidan yari ƙona mini rai.

Ku 'yan aji biyu da ke shirin jami'a, ku ji ni. Ku yi karatunku, ku tambayi malamanku, in kun faɗi ku sake. Duk babban da ya yabi ƙwaƙwalwarka sannan ya ce kada ka gaya wa iyayenka, tashi ka bar masa wurin. Ranar da asiri ya tonu, mai saye yana gida, dillali yana gida. Kai kaɗai za a sa wa ankwa.