Audugar Kunnen Dama

Kawuna ne ya koya mini harbi a duwatsun Roni, ina saurayi, kuma shi ya koya mini toshe kunne. Maharbi ne mai ƙarancin magana da yawan tsawa. Ranar da ya fara miƙa mini bindigar toka, sai ya ciro auduga daga aljihu, ya mulmula ta, ya dangwali man kaɗanya, ya cusa mini a kunnen dama. Na juya masa na hagun, ya ture mini kai.

"Wannan bar shi a buɗe, da shi za ka ji daji," in ji shi. "Dama ce ke jingine da bindiga, ita ke shan wuya. Kuma ai komai da dama ake farawa."

Maganar ta zauna mini daram. Wa zai yi jayayya da dama? Da ita muke ci, da ita muke gaisawa, da ita muke shiga masallaci. Na riƙe wannan karatu fiye da shekara arba'in ban taɓa tuhumarsa ba.

Ban zama maharbi ba, malamin gona na zama. Da na yi ritaya sai na koma noman shinkafa a fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa ta Kazaure, a nan ne bindiga ta dawo hannuna da gaske. Duk wanda ya noma shinkafa ya san jan-baki, 'yan tsuntsayen nan da ke zuwa garke guda da zarar shinkafa ta fid da kai. Ba sa jin gwangwani, ba sa jin ihu. Albarushi kawai nake ɗurawa, ba harsashi, in saki ƙara su tashi, su kewayo, in sake ɗurawa. Haka nake yi safe da yamma har a yi girbi. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son warin albarushi, ina son ganin garken ya watse, kuma maƙwabtan gonata suna yi mini kirari har in riƙa jin kaina. Kullum kafin in fita, auduga na kunnen dama.

Mai ɗakina Hajiya 'yar wajen Gwiwa ce, ta tashi a gidan Fulani inda mace ba ta ɗaga murya ko gobara ake yi. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin ta kira wani daga nesa ba, sai dai ta taka ta je. In tana magana da ni, kamar tana tsoron kada kalmar ta fashe. Tun muna sabon aure wurin zamanta ɗaya ne, gefen tabarma ta haguna, don nan ne ya fi kusa da madafa.

A 'yan shekarun nan sai na ga Hajiya ta rage hira. Mu zauna bayan la'asar, ta zuba mini fura, shiru. Ni kuwa mutum ne mai saurin ɗaukar zafi, kuma ba na tambaya, sai dai in yanke hukunci. Na ce a raina gaba take yi da ni. To, in gaba ce, ni ma na iya. Na shiga shan ƙamshi a gidana, ina amsa gaisuwa da ka.

Babbar 'yarmu, wadda ke aikin jinya a Kano, ta zo hutu, na ja ta gefe na kai ƙara. Da yamma ta zauna da mu, tana tsinke zogale tana kallonmu. Can sai ta ajiye tiren.

"Baba, tun da muka zauna Inna ta yi maka magana sau uku."

"Ni? Yaushe?"

"Ta ce furar ta yi tsami ko a ƙara nono. Ta ce akuya ta haihu. Na ukun sannu ta yi maka."

Na dubi Hajiya, ta sunkuyar da kai. 'Yar ta kira wayata, ta kara mini a kunnen dama, na ji tana ƙara sarai. Ta mayar hagu, sai wani ɗan zirin sauti kamar daga ƙasan rijiya, da kukan gyaren da na daɗe ina ji ina zaton na kowa ne.

"Inna, ai sai ki riƙa ɗaga murya," in ji ta.

Sai da na juya kunnen dama na ji amsar. "Ni ban iya ɗaga masa murya ba. Kuma ba yanzu da furfura zan koya ba."

Na san matata, abin da ta faɗa haka yake. In kunnen dama ya bi na hagu, ba ihu za ta riƙa yi mini ba, shiru za ta yi, mu ƙarasa zamanmu gida ɗaya ba mai jin wani. Na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji da bindiga a hannu ba.

'Yar ta kai ni wani asibiti a Kano inda ake auna ji. Wata malama ta saka ni a ɗan ɗaki mai kaurin bango, ta ɗora mini abin sauraro, ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. A dama na yi ta ɗagawa kamar ɗalibi mai ƙoƙari. A hagu na zauna ina jira a fara, ashe har an gama.

Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa mata, na ƙara da alfahari cewa ni ban taɓa harbi ba toshi ba. Ta ce wane kunne? Na ce na dama mana, wanda ke jikin bindiga. Sai ta ɗauko sandar goge ƙasa a bayan ƙofa ta miƙo mini.

"Baba, riƙe mini ita yadda kake riƙe bindiga."

Na ɗan ɓata rai, amma na riƙe. Na kafa gindin a kafaɗar dama, na kwantar da kumatu, na saita kalandar bango.

"To tsaya haka. Wane kunne ne ke kallon bakin bindigar?"

Na tsaya da sanda a kafaɗa kamar gunki. Kunnen dama ya lafe a bayan kafaɗa, kaina ma ya kare shi. Na hagu kuwa ga shi nan a sarari, ya juyo gaba, yana fuskantar inda wuta ke fita. Shekara arba'in ina lulluɓe wanda ke cikin inuwa, na bar ɗan'uwansa a rana.

"Kawuna ba jahili ba ne," na ce, don bakina bai saba yin shiru ba.

"Allah Ya jiƙansa. Yana ji da hagu kafin ya rasu?"

Sai na tuna yadda kawu ke karkato da kai in ana masa magana, da yadda tsawarsa ta riƙa ƙaruwa da tsufa. Muna cewa faɗa ne ya yi masa yawa. Na ajiye sandar, na zauna.

Ba ta ɓoye mini komai ba. Na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ya fara raguwa, amma da sauransa mai yawa. Auduga kuwa, ko da mai ko ba mai, kusan ado ce kawai. Ko in bar harbi, ko in toshe duka biyun da abin kirki. Na ce barin harbi ba ya cikin lissafi, jan-baki ba su san ritaya ba.

Na fara da abin toshi na soso, 'yan rawaya da ake murzawa su sirance, a ja kunne sama a tura, a jira su kumbura. Malamar ta ce suna da kyau in an saka daidai. To, yatsun mai ɗura albarushi ba na wannan aiki ba ne. Kafin hantsi sun yi baƙi, gumi ya turo su waje, ɗaya ma ya faɗa cikin ruwan shinkafa ina kallo. Sai 'yar ta aiko mini da irin na ma'aikatan filin jirgi, ƙoƙuna biyu masu rufe kunne gaba ɗaya. Waɗannan sun tare ƙara sosai, sai dai ba sa shiri da hula, gindin bindiga kuma yana ture na dama duk sanda na kwantar da kumatu. Ga zafi. Maƙwabcin gonata ya hango ni ya ce, "Direba, yau ina za mu sauka, Jidda?" Kwana huɗu na yi da su.

Da na koma, malamar ta ce to a yi mini nawa na kaina, daidai ramin kunnena. Ta leƙa da 'yar fitila, ta tura ɗan soso mai zare can ciki don ya tare hanya, sannan ta matsa wani abu mai sanyi da sirinji, kamar ƙullun ƙosai, har ya cika kunnen. Ta ba ni wani abu in ciza, ta ce kada in yi magana sai ya daskare. 'Yata ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin na yi shirun minti biyar ba. Da aka zaro, na ga siffar cikin kunnena a tafin hannunta, a murɗe kamar ƙaramar citta. Na ce a yi na dama kawai tunda hagu ya mutu. Ta ce a'a, ɗan abin da ya rage ma a tsare shi, kuma kukan gyaren nan ƙaruwa yake yi.

Bayan 'yan makonni suka iso, ja na dama, shuɗi na hagu, haɗe da igiya. A tsakiyar kowanne akwai ɗan mataci da ke barin magana ta wuce ya tare tsawa. Ranar da na fara gwada su, na ja kunama, na ji bugun a kafaɗa da ƙirji, amma a kunne sai wani "dum" mai taushi. Garken ya tashi. Kuma ina jin maƙwabcina yana tambaya ko na ga sanhonsa. Na yi wa kawu addu'a a wurin, don abin da yake so ke nan, a ji daji, hanyar ce bai samu ba.

Da yammar ranar na dawo gida, na wanke su na rataye a ƙusa. Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta zauna inda ta saba. Ban ce ta tashi ba. Ni na zagaya na zauna ta ɗaya gefen, na ba ta dama. Ta dube ni, ta kau da kai tana murmushi. Ta ba ni labarin akuya, da rikicin maƙwabta kan magudanar ruwa, da wadda ta yi kitso bai yi mata kyau ba. Ashe matar nan hira ce fal cikinta. Na sha furata ina jin daɗi har raina.

Sai ta ɗan ja gefen mayafinta.

"Malam, in tambaye ka?"

"Ina jin ki." Na faɗe shi da ƙarfin gwiwa.

"Bara, da za a shiga da ni aikin ido, a mota na ce ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka. Sau biyu na faɗa. Ka yi shiru kana kallon titi." Muryarta ta ƙara yin ƙasa. "Na ce ko akwai abin da ka riƙe. Tun ranar nake nema ban gano ba."

Na tuna motar. Ina zaune ta dama, jikin taga, ita tana haguna. Shekara guda matar nan tana zuba mini fura da wannan a ranta, ni kuma ina shan ƙamshi.

"Hajiya, wallahi ban ji ba. Ba ki taɓa yi mini komai ba. Na yafe miki duniya da lahira. Ni ne zan roƙe ki."

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar furar.

"Na yafe," ta ce, can ƙasa-ƙasa yadda ta saba. Na ji ta sarai.