Hoton Saniya da Ruwan Ƙanƙara

A shekarun farin nan, da gero ya ƙare a rufewarmu, wato rumbunmu na ƙasa, can muka mayar da wankin hoto. Ginin ƙasa ne mai kauri, ta sama ake shiga da tsani, in an ja murfi kuwa ko tafin hannunka ba ka gani. Kuma ta fi kowane ɗaki na gidan sanyi. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ba ta so hakan ba. Ta ce wurin hatsi ne, kuma hatsi zai dawo. Sai dai ba ta hana ba.

Maigidana mai ɗaukar hoto ne a kasuwar Sabon Birni, ran kasuwar Isa kuma ya hau babur ya tafi can. Shi ke ɗauka, ni ke wankewa. Aikin ya faɗo hannuna ne don garin maganin yana zuwa da bayani a jikin takarda da Turanci, ni kuma na yi sakandare. In ta Maraɗi ya biyo, da Faransanci yake zuwa, sai in bi lambobi kawai in roƙi Allah sa'a.

Tasa uku nake jerawa. Ta farko maganin da ke fito da hoto, ta biyu ruwa da ɗan lemun tsami don tsayar da shi, ta uku maganin da ke kafe shi yadda haske ba zai ƙara cin sa ba. Na farkon shi ne mai wuyar hali. Yana son ruwa garai, mai sanyi, wanda ba a sa wa komai ba. Ba ni da agogo mai haske, don haka da carbi nake auna lokaci. Ina riƙe bakin fim biyu da hannu ina zura shi cikin tasa, carbin yana rataye a babban yatsana, ina tasbihi. Na san inda zan tsaya in da sanyi, na san inda zan tsaya in bazara ta yi.

Ruwan shi ne wahalarmu. Rijiyoyi sun ja ƙasa, mata na tona ramuka cikin yashin gulbi, abin da ke tsattsafowa kamar kunun kanwa. Ruwan sha ana jefa masa alif ya kwanta nan take. Na aikin hoto kuwa randa daban na ware masa a gindin rufewa, in bar shi kwanaki ya kwanta don kansa, in tace da farin ƙyalle.

Wata ranar kasuwa wani dattijon Bafillace daga wajen Burkusuma ya zo har ƙofar gida yana jaye da saniya. Na leƙa ta zaure na gan ta. Fara ce mai ɗigon baƙi a wuya, haƙarƙarinta duk a waje, tana tafiya tana haɗa gwiwa. Na ji maigidana yana tambayarsa.

"Baffa, kai za a ɗauka ko ita?"

"Ita. Ni mi za a yi da hotona?"

Ya yi bayani a hankali, Hausarsa da ɗan karkata. Saniyar ta ɗiyarsa ce, ran sunanta aka ba ta uwar wannan saniya. Ɗiyar tana aure a ƙetaren iyaka, ta bar dabbar a hannunsa. A shekarun nan mutane da yawa sun sayar da shanun amana sun ce mutuwa suka yi, kuma dangin mijinta sun fara irin wannan magana a kansa. Saniyar ba za ta kai ƙarshen mako ba, ya sani. Yana son ɗiyarsa ta ga cewa tana hannunsa har ta zama haka.

"Kunnen hagu nika so ya fito," in ji shi. "Can tsagar gidanmu take."

Gurbi ɗaya ya rage a fim ɗin, kuma shi ne na ƙarshe a gidan. Maigidana ya ɗauka a jikin katangar zaure. Washegari aka ce saniyar ta faɗi a hanya kusa da Unguwar Lalle, an samu an yanka ta kafin rai ya fita. Dattijon ya dawo ya sauka a zaurenmu yana jira, don akwai ayarin da zai ƙetara ran kasuwa mai zuwa, da su zai tafi.

Bayan sallar asuba na ɗebi ruwa a randata. Na ga ya yi kyau fiye da kullum, na yi hamdala. Na zuba garin ina motsawa da cokalin katako, sai na ga yana yin fari, yana guda-guda kamar nonon da ya tsinke. Na yanki ɗan bakin fim da haske ya riga ya taɓa na jefa ciki. Da lafiya lau ne, da ya yi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kwance, bai wuce launin toka ba.

Na fito na sami Inna tana jan carbi a kan buzu.

"Inna, an taɓa randar can?"

"Awo, ni ce. Na gane ta jawur kamar kwatami, na jefa miki alif. Ke da kinka yi boko ba ki san alif ba?"

"Na san shi, Inna. Maganin ne bai son shi."

"Magani da tsirfa! Mu da muke shan shi mun mutu?"

Na san alheri ta yi nufi. Ƙunshi ɗaya ya rage na garin. Ruwan gidan duk mai alif ne, na maƙwabta ma haka. In na ɗebo sabo daga gulbi, kafin ya kwanta ayari ya tashi. Dattijon da ya ji, ya miƙo salkarsa ya ce ruwan rijiya mai zurfi ne. Na zuba kaɗan a kofi, ya fito ja, yana warin bagaruwar jima. Na mayar masa na yi godiya.

Inna tana jin duk wannan ta taga. Da hantsi ta kira ni ɗakinta, ta jawo wani tsohon kwando daga ƙarƙashin gado. Kwalabe ne a ciki, an toshe bakinsu da tsumma da kakin zuma. Ruwan ƙanƙara ne. Daminar ƙarshe mai kyau an yi ƙanƙara, ta tsince ta a sabuwar ƙwarya ta adana, tana ɗiga wa idanunta in sun yi mata yaji. Ko jikokinta ba ta bari su taɓa.

"Wanga bai taɓa ƙasa ba," in ji ta. "In shi ma maganin naki ya ƙi shi, to ba shi da kunya."

"Inna, idanunki fa?"

"Ɗauki ki tafi kafin in sake shawara. Ki bar mini guda."

Na naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma na rataye su inda iska ke bi, suka kwana. Da asuba na haɗa. Garin ya narke tas, ruwan ya yi launin shayi marar kauri, yadda ya kamata. Ruwan bai da yawa, sai na ɗauki ƙaramar tasa. Maigidana ya ja murfin rufewa daga waje ya zauna a kan tsani. Na yi bismilla na warware fim a cikin duhu. Ban ƙara ko rage komai a tasbihina ba. A tasa ta uku ruwan alif ɗin Inna na yi amfani da shi, don wannan maganin bai damu ba. Na ma lura daga baya cewa fim ɗin da ya bi ta cikinsa bai yin laushi da zafi, na ci gaba da yin haka shekaru.

Da fim ya bushe na ɗora shi a kan takardar hoto, na danne da gilashi, maigidana ya ɗaga murfi haske ya shiga, ya mayar, na tsoma takardar cikin magani. A hasken tocila mai jan ƙyalle na ga katanga ta fara fitowa, sai ƙaho, sai haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Saniyar ta juya kai lokacin da aka ɗauka, kunne ɗaya kawai ake gani. Na hagu ne, tsagar a fili. A gefe akwai hannun dattijon riƙe da igiya, da rabin fuskarsa.

Maigidana ya kai masa zaure, ni ina bayan ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ya ɗora ɗan yatsa a kan kunnen.

"Ita ce," in ji shi. Ya naɗe hoton cikin rawaninsa. Ya ce a gai da mutanen ciki.

Sai da aka yi damina biyu, gero ya koma rufewa, ni kuma na koma wani ɗan ɗaki a bayan madafa, sannan wata Bafillatana ta yi sallama da ƙwaryar nono. Ta kwance bakin zanenta ta fito da hoton. Ya yi laushi, ya karye a tsakiya. Ta ce mahaifinta ya rasu a can wurinsu. Ya kai hoton, an zagaya da shi bukka bukka, dangin mijinta sun gani, maganar ta mutu tun yana raye. Ta tambaya ko akwai wani hoton inda mahaifin nata ya fito duka.

Na ce babu, sau ɗaya aka ɗauka. Na nemo fim ɗin cikin gwangwani na wanke mata sabo, na ɗan rage haske ta gefen da yake tsaye don fuskar ta fi fitowa. Rabin ne dai. Ta daɗe tana dubawa, ta ce hannun ma ta gane shi.

Inna ta sha nonon da fura, ta tambayi baƙuwar ko ana ƙanƙara a wajensu, don kwalbarta ta kusa ƙarewa.